Audugar Baba Lazarus

"Ba zan sa hannu ba," in ji Baba Lazarus, yana haki. "Ku ce wa mutumin ya tafi."

Mai sayen gonar yana ƙofar gida cikin mota, ko kashe ta bai yi ba. Ni kuwa kunu na kawo, na tsaya da kwano a hannu. Katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Federal Low-Cost, na kuma san likita ya ce in ba a fara masa wankin ƙoda ba, sai dai haƙuri. Gonar hanyar Kumo ce kaɗai abin sayarwa.

'Yarsa Hilda ta durƙusa. "Baba, don Allah. Dubi ƙafafunka fa."

"Ke yarinya ce. Arzikin duniya juyawa yake, shekara hamsin-hamsin. Shi na koyar a darasin tattalin arziki har na yi ritaya. Ina yaro, motocin auduga layi suke har tashar jirgin ƙasa. Kasuwarta ta faɗi, yanzu lokacin tashinta ya yi. In sayar da gona ana gobe za ta tashi?"

"Kai da bakinka ka ce masana ma ba su yarda da juna a kan haka ba!" in ji Hilda.

"Su suka sani."

Raina ya ɓaci, na sa baki. "Baba, ko da gaske yana juyawa, ai sai da rai za ka gani."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "A'i, kin sa tsamiya a kunun?"

Ban taɓa ganin taurin kai irin na tsohon nan ba. Shekara da shekaru yana shuka auduga a bayan ɗakinsa, wai kada iri ya ɓace, muna tsokanarsa da Sarkin Noma. Ranar dai ban iya tsokana ba. Muna ji motar ta ja, Hilda ta kifa kai a bakin gado.

Ran Lahadi da safe ya cika, mutane na hanyar coci. Na yi kuka, kuma har a lokacin haushinsa nake ji.

Da dattawan cocinsu suka zo gyara shi, ɗaya ya leƙo ya ce a samo auduga. Na yafa mayafi zan tafi kemis, Hilda ta riƙo hannuna.

"Bari, Anti. Akwai."

Ta zaga baya. Audugar ta fashe, fara tas. Ta tsinko cikin tafin hannu, ta zauna a dakali tana cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, tana tara su a murfin kwanon kununa.