Harbin Farko

"Ki ƙara ɗaurewa," in ji Torleif daga taga. "Wannan ƙullin naki ko ɗan rago ba zai riƙe ba."

Gunvor ta ɗago kai daga tsohuwar tayar tarakta da take ɗaure bindigar a kanta, ta watsa wa maƙwabcin nata harara. Mutumin da likita ya hana ko zama, ga shi ya sa an turo masa gado bakin taga, sanyin kaka na shiga, shi kuwa sai ba da umarni yake.

"Ja bargo ka ja bakinka, tsoho. Na fi ka sanin igiya."

Bindigar ta kakansa ce, irin mai cin harsashi ɗaya. A rufin rumbu ya tsinto ta, tsatsa ta cinye ta, gara ta gama da kotar. Shekara da shekaru yana kankara, yana goga, yana ƙera ƙananan ƙarafan da ba a sayarwa ko'ina. Da ciwon huhu ya kama shi hannunsa ya soma rawa, sai Gunvor ta zama hannun nasa, ita da kullum take zuwa ta ƙarshe a gasar harbi ta ƙungiyar maharban ƙauye. Kota kaɗai ya hana ta taɓawa, ya kulle kansa ya sassaƙa abinsa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya ji bindigar ta yi kuka. Da yamma 'yarsa za ta zo da mota ta kai shi gidan jinya a birni, kuma kowa ya san ba dawowa. Tsohon ƙarfe ba a yi masa harbin farko a kafaɗa, sai a ɗaure shi a ja kunama da doguwar igiya daga nesa. In bututun ya fashe, shi ke nan, aikin ya tafi a banza a kan idonsa.

Akwai kuma abin da ke cin ranta. Tudun da ake jingina kunci a kota, Torleif ya sassaƙa shi a gefen da ba nasa ba. Ranar da ta gani sai da ta fita bayan rumbu ta yi kuka, don ta san ciwon ya taɓa masa kai. Ta rantse ba za ta faɗa masa ba.

Ta saka harsashi, ta warware igiya har bayan tarin itacen hunturu, ta durƙusa.

"Na ja?"

"Jira kike limamin coci ya sa albarka?"

Ta ja. Ƙas! Bindigar ba ta tashi ba.

Ta yunƙura za ta nufi wajen.

"Zauna!" Ihun ya jawo masa tari mai tsawo. "Albarushi yakan makara kafin ya tashi. So kike ki riga ni mutuwa?"

Ta zauna tana jin tarin nasa, har sanyin ƙasa ya ratsa mata gwiwa. Sannan ta je ta sauya harsashi, ta sake ɗanawa, ta dawo. Ta naɗe igiyar a hannu ta fizga da ƙarfinta duka.

Daram! Hankaki suka watse daga kan bishiyoyi, karen wani ya ɗauki haushi a ƙasan kwari. Farin hayaƙi ya bi saman gonar dankali a hankali. Gunvor ta ruga ta shafa bututun daga gindi har baki. Da ɗumi, amma ko tsaga babu.

Ta kwance ta, ta kai masa taga. Ya kai hanci ya shaƙi warin albarushin, idonsa a rufe.

"To, ɗora a kafaɗa mu gani."

Ta ɗora a dama, kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya.

"Ba nan ba, bahaguwa! Da wane hannu kike yanka burodi? Shekara nawa ina kallonki kina harbin iska da bindigar mutane."

Ta mayar hagu. Kuncinta ya sauka daidai kan tudun nan, kotar ta zauna mata cif, tsawon hannunta ne ba nasa ba. Ta daɗe a haka tana saitin dutse, don ba ta so ya ga idonta.

"Ni na ɗauka ka ruɗe ne," ta ce.

"Na sani. Har bayan rumbu na ji ki." Ya ja bargo. "Saura shafa wa kotar mai. Da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, ban da tsumma."

A makon ya rasu, can birni. Ranar da suka dawo daga jana'iza, Gunvor ta buɗe ɗakin aikinsa da kayan makokinta a jiki. Gwangwanin man na nan inda ya bar shi. Ta ɗiga kaɗan a tafin hannun hagu, ta soma murzawa, katakon yana ɗaukar ɗumi.