Wuyan Malam Abednego

Shekara talatin da biyar Malam Abednego ya yi yana duƙe a kan littattafan ɗalibai a Kwoi, da ya yi ritaya kuma ya koma duƙawa a gonar citta. A hankali kansa ya riƙa turowa gaba, har ya zamana takalman mutane yake fara gani kafin fuskokinsu. Da ciwon wuyan ya sauko masa hannun dama, wata Lahadi littafin waƙoƙi ya suɓuce masa a majami'a. Washegari 'yarsa Hellen, wadda ke aikin gwamnati a Kafanchan, ta zo ta ɗauke shi.

"Sati biyu kawai, Baba," in ji ta.

A asibiti aka haɗa shi da Doreen, mai aikin gashin ƙashi. Ta tsayar da shi a jikin bango, diddige da kafaɗu a manne.

"Baba, ku sa ƙeyarku ta taɓa bangon."

Ya yi ta ƙoƙari har gumi ya karyo masa, ƙeya ba ta kai ba. Doreen ta koya masa jan haɓa baya da buɗe kafaɗu, goma-goma, sau uku a rana.

Gidan Hellen bene ne, tagoginsa duk da ƙarafa. Ta hana shi hawa acaba, ta rage masa matashin kai, in za ta tafi ofis kuma sai ta kulle get. Sati biyu ya zama bakwai. Ƙanensa Silvanus ya buga waya cewa citta ta isa tono. Ran nan Malam ya sa hularsa, ya sauko, ya roƙi maƙwabciyar da Hellen ke bar wa makulli ta buɗe masa. Ta sunkuyar da kai, ta ce Hellen ta hana.

Da ya koma asibiti ya ce wa Doreen, "'Yata, ai a Kwoi ma muna da bango."

"Kuna iya yi a gida, Baba. Sau ɗaya a wata ya isa ku zo. Tun sati na uku na gaya wa Anti Hellen."

Sai da suka isa gida ya tambayi Hellen. Ba ta musa ba. Ta zauna a hannun kujera da jakarta a cinya, hawaye na zuba.

"Tun da Mama ta rasu ku kaɗai ne a gidan nan. In kuka faɗi a gona, wa zai gani?"

Ya shirya faɗa mai yawa, amma ya rasa ta inda zai fara. Daga baya ya ce ta miƙo masa waya, ya kira Silvanus, ya ce ya nemi mutane su tone cittar, shi sai bayan Kirsimeti.