Sabon Gashin Anti Sakatariya

"Taɓa ki ji," in ji Anti Sakatariya, ta kamo hannuna ta ɗora a kanta. "Don Allah taɓa. Kin taɓa jin irinsa?"

Na taɓa. Gajeren gashi ne, bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, fari da baƙi a cakuɗe, kowane sili ya nannaɗe kansa. Ga laushi kamar na jariri. Na daɗe hannuna na wurin, ita kuma ta lumshe ido.

Ni ce mai gyaran gashi a layinmu, ƙofata na kallon tata a hawa na biyu. Shekara ashirin ina zuba mata rilaksa, man miƙar da gashi, duk bayan wata biyu. Takan zauna ta cije leɓe, hawaye na zuba don zafi, amma sai ta ce, "Ƙara masa minti biyar." Ta yi shekara talatin tana buga takardu a ofis, gashin nan a kwance yana sheƙi. Sai ciwo ya same ta a nono, maganin asibiti ya kwashe gashin kaf. Da aka tsayar da maganin ne wannan ya tsiro.

"Rabona da ganin gashina tun ina 'yar sha huɗu," ta ce. "Ashe haka yake. Bawan Allah, kullum yana son ya fito mu gaisa, ke kuma kina ƙone shi a bakin ƙofa."

"Ni, Anti? Wa ke cewa a ƙara minti biyar?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe shago sai na leƙa ta. Takan zauna a baranda kan tsohuwar kujerar roba, ƙafafunta a rana. In fesa wa gashin ruwa, in murza man kaɗe a tafina har ya narke, in bi shi da yatsu, don ta hana mataji ya kusance shi. Takan ja sili ɗaya ta miƙar, ta sake shi ya koma, ta sake ja, kamar yarinyar da aka saya wa sabon abin wasa.

"Na yi mafarki ya girma," ta ce wata rana. "Ya cika ɗakin nan, ya fita ta taga. Ina kwance a ƙarƙashinsa kamar inuwa, tsuntsaye na shiga suna fita. Ko ciwo ba na ji."

Wata safiya a kan matakala 'yar Anti, wadda ta zo daga garin da take aure, ta tare ni idonta jajur. Ciwon ya dawo, ya kai ƙashi, likita ya ce babu sauran magani sai na rage zafi. Na shiga ina lissafin yadda zan ɓoye fuskata, sai na tarar Anti ta riga ni.

"Kin ji ko? Ya ce 'yan watanni. Na tambaye shi ko za su isa gashi ya kama kitso, ya tsaya yana kallona. Namiji ne, ina zai sani." Ta gyara zama. "Guda shida innata take yi mini, zuwa baya. Su nake so."

Na gwada a take. Da na kama sai ya zame, ya koma ya dunƙule. Na ce mata da ɗan gashin doki yau ma za a gama.

"Kul, ƙanwata. Da nawa zan tafi."

Muka shiga jira. Tana ramewa, gashin yana cika, kamar duk abin da ta iya haɗiyewa shi yake samu. Zobenta ya koma faɗowa daga yatsa. Baranda ta gagare ta, muka dawo da kujerar bakin taga, daga baya ita ma kujerar ta gagara. Tsofaffin abokan aikinta sun zo dubiya, 'yarta ta ɗauko hular gashi za ta sa mata, ta ture hannun. "Bar su su gan ni. Ba su taɓa ganina ba ai." Duk Asabar ina gwadawa, duk Asabar yana zamewa, ita kuma ta ce, "Ba komai, yana hanya." Ni kuwa in na koma shago wata ta ce in zuba mata rilaksa, sai in ji hannuna ya yi nauyi.

Ranar da ya kama, da la'asar ne, ana yayyafi. Na hau gadon na jingina ta a jikina, ba ta fi nauyin filo biyu ba. Na tsaga layin farko da farce, na kama, ya tsaya. Na ƙara, ya tsaya.

"Anti, ya kama!"

"Na ji," ta ce a hankali. "Kar ki ja."

Ruwa na sauka kan rufin shagunan ƙasa, ɗakin na ƙamshin man kaɗe. Wajen na huɗu ta soma magana ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin wata ƙofa mai shuɗin fenti da wata bishiya a bayanta. Ta ce, "Inna, in an gama zan fita wasa?" 'Yarta ta toshe baki da gyale. Na ce, "Za ki fita. Saura biyu."

Na gama shida. 'Yar ta kawo madubi, amma barci ya riga ya ɗauke Anti, ba mu tashe ta ba. Ba ta ƙara magana ba.

Washegari da hantsi, ina sharar shago, 'yar ta sauko ba takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa. Na jingina tsintsiyar na bi ta.

An buɗe taga, labule na motsi. Anti tana kwance a gefenta na dama, ba numfashi, fuskarta a sake. Biyar suna nan daram yadda na yi su. Na bayan kunne ne jelarsa ta warware, farin silin ya nannaɗe abinsa a kan matashin.