Bokitin Ruwa a Gindin Tanki

Ana jibi za a buɗe sabuwar ma'aikatar gas ta Alhaji Yari a hanyar Argungu, abu ɗaya ya rage: sa hannun injiniyar da ke binciken haɗari, Ummu Hani. Ni Isuwa, manajan wurin, na ɗauka an gama. Ai ɗiyar ƙanwar Alhaji ce, shi ya kai ta makaranta. Wa zai ce wa kawunsa a'a, an riga an kafa rumfunan biki?

Tun safe take gasa mana gyaɗa a hannu da tambaya. In bututun nan ya tsage fa? In wuta ta ɗauke ana cikin ɗura? Muna amsawa, ni kuwa haushi kamar in fashe. Can sai ta ce a kawo mata ruwa a bokiti.

Ta sheƙa shi a gindin babban tanki.

"Ke ɗiyag ga, mi kike yi haka?" in ji Alhaji.

"Kawu, gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zuba, ba sama yake yi ba, gangare yake bi. Inda ruwan ga ya tafi, nan za shi."

Muka bi ruwan, Alhaji na tattare babbar riga. Ruwan ya miƙe har katangar baya, ya fice ta rariyar da magina suka bari saboda damina, yadda ake yi wa kowane gida. A zanen ginin babu ita. Muka zagaya.

A kwarin bayan katangar mata ne ke turara shinkafa a rabin duro, murhu jere da murhu. Ruwan ya silalo har cikin wutar wata mata mai goyo, Balaraba, ya yi cuu. Ta ɗago ta gaishe mu da fara'a. Na dubi wutar, na dubi rariyar.

"Ba ni sa hannu, Kawu," in ji Ummu Hani. "Sai an toshe nan, an sake wa gangaren hanya. Ka yi haƙuri."

Wallahi yarinyar nan ta burge ni. Na san abin da maganar za ta iya jawo mata a gida, ita ma ta sani.

Alhaji ya daɗe yana kallon jaririn. Sannan ya ce da ni, "A kwance rumfunan." Ya karɓi bokitin daga hannun Ummu Hani.

"Wuce gaba, Injiniya. Ina kuma za mu zuba?"