Injin Illo Ya Kwana Asibiti

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, masuntan Wara ba su san wani abu wai shi inshora ba, amma suna da tasu dabarar. Duk jirgin da zai kai bandar kifi Malanbil, can cikin ƙasar Benin, sai kowane masunci ya zuba kifinsa a kwando guda da ba a taɓawa. Wanda ciwo ya kayar a baƙon wuri, da shi za a yi masa magani.

Andarawus dai ba masunci ba ne. Manomi ne daga tudu, Illo mai jirgi ya ɗauke shi kwasar ruwa da dako, don haka ko ƙaya bai zuba a kwandon ba. To, ciwo ba ya tambaya. Suna gama sauke kaya ciwon kaba ya murɗe shi, ya faɗi yana birgima a bakin ruwa. A asibiti likita ya ce aiki za a yi masa yau, in ba haka ba a nemi likkafani, kuma sai an ajiye wani abu tukuna.

Nan Saminu, ƙanen Illo, ya tsaya kan bakansa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi.

"Yaya, kwandon ga na waɗanda sunka zuba ne. In munka taɓa shi, gobe ɗayanmu ya hwaɗi, mi za mu yi?"

Abin haushi, gaskiya ya faɗa. Kuma ko an sayar da kwandon ba zai kai ko'ina ba. Illo ya juya. Ya koma jirgi ya kwance injinsa, wanda ya sha wuya kafin ya mallaka, ya saɓo shi a kafaɗa har ƙofar likita, mai yana ɗiga masa a riga. Aka karɓa jingina, aka shiga da Andarawus.

Da aka sallame shi suka shimfiɗe shi a cikin jirgi, suka kama filafili, ruwa na taya su gangarowa. Saminu ya fi kowa tuƙi, har tafin hannunsa ya ɗure ruwa. Sai da suka yi nisa Andarawus ya lura ba ya jin ƙara.

"Maigida, ina injin?"

"Yana kwance gadonka na asibiti," in ji Illo. "Kai dai yi shiru kada ɗinki ya kwance."

Andarawus ya juya fuska jikin katako, ya yi ta kuka a hankali.

Abu ɗaya suka manta. A Wara, jirgin da ya shigo ba ƙarar inji, gawa ya ɗauko. Marka, matar Andarawus, ta yi kwanaki tana zarya bakin ruwa. Ta hango su suna tahowa shiru, ga mutum miƙe an lulluɓa masa zane. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, ta faɗa ruwa har ƙugu.

Illo ya ruɗe. "Kai Andarawus, yi magana mana, za ta nutse muna!"

Sai Andarawus ya ɗago hannu daga cikin zanen. Marka ta cafke hannun ta ƙi saki, haka aka ja jirgin zuwa gaɓa tana biye da shi cikin ruwa.