Saƙon Inna Rukayatu

Ranar da Ghali zai bar Hadeja zuwa karatun digiri na biyu a Doha, maƙwabciyarsu Inna Rukayatu ta tare shi a zaure da ƙulli a leda baƙa: yaji, daddawa da kuka. Ta ce ya kai wa ɗanta Surajo. Wata takwas ke nan rabon da a ji muryarsa, tun rasuwar mahaifinsa, lambarsa ma ta daina shiga. Ghali ya tambayi adireshi, tsohuwa ta dube shi da mamaki, ta ce ai gari ɗaya za su zauna, ya tambayi makanike ɗan Hadeja kawai. Shi ma gogan naka sai ya ce ba komai, da saukarsa zai kai.

Da jirgi ya sunkuyo ya hango garin ta taga, sai ya gane girmansa ya wuce a nemo mutum da tambaya kawai.

Satin farko ya tafi a gwajin jini, katin zama, da neman ajin da ba ya samuwa sai an hau bene an sake saukowa. Ya samu ɗaki a Al Mirqab tare da wani ɗalibi ɗan Ghana, Mohammed-Awal, wanda ya jure warin daddawa kwana uku, a na huɗu ya roƙi arziki a fitar da ledar baranda. Ghali ya ƙi, ya ce rana za ta lalata kayan mutane. Sai ya ƙara mata leda biyu ya cusa a jakar goyonsa, daga ranar duk inda ya sa ƙafa da ita yake tafe.

Haka ya yi yawon buɗe ido, ido ɗaya a kan gari, ɗaya a kan fuskokin mutane. A bakin teku abokan karatunsa na ɗaukar hoto da jiragen ruwa na katako, shi yana can yana yi wa wani mai gadi sallama a zaton Bahaushe ne, ashe ɗan Uganda ne. A gidan tarihi aka buɗe jakarsa a ƙofa, mai binciken ya shanshana ya kawar da kai, Ghali ya sha kunya har kunnensa. Duk da haka garin ya shiga ransa. Ya koyi layukan metro da launinsu, ya saba da shayin karak, har ya fara ce wa mutane yalla. Sai dai duk Juma'a ƙanwar Surajo, Fiddausi, takan turo masa saƙo cewa Inna na tambaya ko an dace, kuma wannan tambayar ta fi jarrabawa damunsa.

A Juma'a ta biyar, a Souq Waqif wajen masu sayar da shaho, ya ji wani yana faɗa a waya da Hausa. Ya tsaya a gefensa har ya gama. Sunansa Absalom, mutumin Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da ya ji bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi kaɗai ya san Surajo huɗu. Amma ya zauna ya bi abin ta hanyar gida: ya kira wani direba ɗan Gumel, na Gumel ya ba da lambar wani ɗan garin Malam Madori, shi kuma ya ce akwai Bahadeje a wani gareji a Sanaiya, titi na ashirin da uku, ba ya shiga mutane.

Washegari Ghali ya hau bas. Dogayen gine-gine suka ƙare, aka shiga unguwar tayoyi da baƙin mai. Gareji shida ya leƙa cikin rana, rigarsa ta manne a baya, kafin a na bakwai wani ya zamo daga ƙarƙashin mota. Ya rame, amma goshin nan na gidan Inna Rukayatu ne.

Surajo ya gane Ghali ɗan Malam Haladu nan take, bai kuwa yi murna ba. Suka gaisa a tsaye. Da ya ga ledar ya buɗe bakinta, ya daɗe yana kallon ciki. Can ya ce lokacin da Baba ke jinya ya yi ta cewa wata mai zuwa zai zo, kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, bai sake shi ba, har aka binne ba ya nan. Da wane baki zai yi wa Inna magana? Ya ce Ghali ya gaya musu yana lafiya, khalas, shi ke nan.

Ghali ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa. Ya jawo tsohuwar taya ya zauna.

"Yaya Surajo, ni ba zan kai wannan saƙon ba. Sati biyar ina nemanka. Ka faɗa mata da bakinka, ko yau in wuni a nan."

Bai jira amsa ba ya kira Fiddausi, ya ce ta kai wa Inna waya, ya buɗe muryar wayar ya miƙa masa. Surajo ya goge hannu a wando sau biyu kafin ya karɓa. Aka ji takun silifa, da kukan akuya, sannan tsohuwa tana tambayar wa ke magana. Surajo ya matso da wayar bakinsa, numfashinsa na shiga cikinta.

Shi ne ɗanta na fari, shekararsa talatin da huɗu a duniya, kuma saboda alkunya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Surajo," in ji ta. "Surajo, kai ne? Yi magana mana, ina jin ka."

Ya durƙusa a kan simintin garejin, yadda yake durƙusa mata a tsakar gida, ya ce, "Inna, ina wuni."