Lemun Tsamin Jamila

Yayana Mubarak tsawonsa ne ya samo masa abinci. Tun muna Ƙofar Guga yake buga goshi a ƙofar zaurenmu, har Allah ya haɗa shi da ƙwallon kwando, tsawon ya zama sana'a. Daga nan bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya yi wa wata ƙungiya wasa a Kano, wata ta ɗauke shi zuwa Gombe, daga can sai Fatakwal. Kowace kakar wasa da launin rigarsa, shi kuwa murna kawai yake yi.

Matarsa Jamila ce ke ba ni tausayi, ko da yake ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Ranar da za a kai ta, mahaifiyarta ta ba ta ɗan dashen lemun tsami, ta ce ta dasa a gidan aurenta. To, ina gidan? Duk inda suka sauka ɗakin ƙungiya ne. Sai ta huda gindin bokitin fenti ta sa shi a ciki. Lemun nan ya hau mota fiye da ni. Direbobi sun yi tsaki a kansa, ƙayarsa ta yaga wa Yaya riguna, amma ko ɗa ɗaya bai taɓa yi ba. Har suka haifi Madina yana cikin bokiti.

Bana da aka rufe kaka suka sauka a gidan da Yaya ya gama ginawa a Kambarawa. Ina can ina taya Jamila shara aka yi ta kiransa a waya. Ƙungiyoyi biyu ke nemansa, wata babba a Legas, da wata ƙarama a Kano mai son tsohon hannu da zai natsar da yaranta. Na san Yaya, Legas ransa ke so. Ya ishe mu da labarin filinsu mai katako mai sheƙi.

Jamila ba ta ce kada ya je ba, ba halinta ba ne. Bokitin ta jawo tsakar gida.

"Baban Madina," in ji ta, "wanga bokiti ya tsage. In nemo wani kahin mu tashi?"

Yaya ya sunkuya zai ɗaga, bokitin ya rabe biyu a hannunsa. Ashe ƙasar ta ƙare tuni. Saiwa ce zalla, ta rasa inda za ta je ta nannaɗe kanta kamar gammo. Ya daɗe a tsugune yana kallon saiwar, ni ma sai na ji wani iri.

"Fiddausi," ya ce da ni, "aro mani diga wajen maƙwabta."

"Legas ɗin hwa, Yaya?"

"Kano ma akwai kwando. Kuma ba nisa, duk sati ina leƙowa."

Ya yi haƙa kusa da famfo, yana haki yana cewa atisayen kocinsu ya fi wannan sauƙi. Ni da Madina muka yi ta masa dariya, don mutum mai wannan tsawo ba a yi shi don diga ba. Jamila ta warware saiwoyin da yatsu, ta mayar da ƙasa, ta kwarara ruwa. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta kira mahaifiyarta a waya. Suka gaisa, suka tambayi gida da yara da zafi.

"Inna," ta ce daga ƙarshe, "na dasa."